Ambulan da Malam Gimba Ya Ba Ni a Tasha

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Gimba makwancinsa, a wannan makon suka cika. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, ga shi kuwa ni na fi kowa daɗewa a tebur ɗaya da shi a ofishin malamai. Lokacin rasuwar an yi ta zuba yabo. Wannan ya ce gogaggen malami, wancan ya ce an yi rashin da ba a mayarwa. Ina ji ina tsaki a zuci, don na san bakunan da ke faɗa, na kuma san abin da suka ce ranar da yake da rai yana neman alfarma guda ɗaya tak. Amma tsakin nawa bai taɓa fitowa fili ba, saboda a cikinmu duka babu wanda ya kai ni laifi.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Gimba malamin Faransanci ne a wata makarantar sakandare a nan Potiskum, kuma shi kaɗai ne a makarantar gaba ɗaya. Ni sunana Sale, aikin gona nake koyarwa a lokacin. Gidansa yana unguwar Yindiski, yana zuwa a kan wani tsohon babur da sai an tura shi yake tashi. Ba shi da wanda zai yi Faransanci da shi a cikinmu, sai ya samo wa kansa hanya. Duk ranar kasuwa, da an tashi daga makaranta, sai ya wuce kara wurin fataken shanu, daga nan ya gangara inda direbobin manyan motoci suke hutawa. Ya zauna da 'yan Chadi da 'yan Kamaru a bencin mai shayi, yana hira da su, yana rubuta sababbin kalmomi a wani ɗan littafi. Mu kuwa muna ofis muna dariya, muna cewa Malam ya tafi jami'arsa. Mu da ba mu buɗe littafi ba tun ranar da muka karɓi takardar gama karatu.

Sai na yi bayanin layi, don in ba haka ba babu wanda zai gane sauran maganar. A bayan ƙofar ofishin malamai akwai wata takarda da aka manna, ɗauke da sunayenmu daga na ɗaya har na ƙarshe. Duk takardar gayyata da ta zo makaranta, ta bita ce ko ta taron ƙara wa juna sani, ta wanda layi ya zo kansa ce. Ba a tambayar taron na mene ne. Asalin abin ma adalci aka nema, domin an yi wani firinsifal da shi kaɗai yake cinye kowace bita, har ta ungozoma da za a aiko da ya je. Malamai suka yi bore, aka kafa layi, kowa ya samu ya ɗanɗana otal da alawus da jaka mai tambari. Daga nan muka mayar da neman ilimi rabon naman Sallah.

Na ga malamin Larabci ya tafi bitar kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Na ga malamin wasanni ya dawo daga taron masu kula da ɗakin karatu, muka tambaye shi me aka yi, ya ce wallahi an ci kaji. Babu wanda ya ga abin kunya a ciki. Idan mutum ya dawo, abin da ake tambaya shi ne ko ɗakin akwai na'urar sanyi, kuma jakar ta bana ta fata ce ko ta leda.

Shekara guda kafin abin da zan faɗa ya faru, layi ya zo kan Malam Gimba. Takardar da ta zo ta bitar kiwon kaji ce a Damaturu. Ya karanta, ya miƙo mini, ya ce shi me zai yi da kaji, ga mai kaji nan a zaune. Aka tuna masa doka, cewa wanda ya bar layinsa ya koma ƙarshe. Ya ce ya ji. Na tafi bitar, na amfana ƙwarai, kuma sunana bai motsa daga inda yake ba, tunda a layinsa na je. Ku riƙe wannan.

A cikin wannan shekarar ce ya ji labarin wani taro na malaman Faransanci da za a yi a Legas. Ya zauna ya rubuta maƙala, wata da watanni yana gyara, ya biya aka buga masa a shagon kwamfuta, ya aika musu da taƙaitaccen bayaninta. Suka amsa. Takardar gayyata ta zo da sunansa ɓaro-ɓaro, za su ba shi masauki, za su ba shi lokaci ya karanta a gaban 'yan uwansa malamai. Shekara ashirin da wani abu yana koyarwa, wannan ne karo na farko da wani a duniya ya ce masa zo mu ji abin da ka sani. Ban taɓa ganin fuskarsa kamar ranar ba. Goro ya saya ya raba wa ofis.

Aka kira taron malamai, firinsifal na lokacin ya ɗaga takardar ya ce a duba bayan ƙofa. Aka duba. Sunana ne.

Malam Gimba ya miƙe ya yi magana a hankali. Ya ce wannan ba irin sauran ba ce, shi ya nema, shi ya rubuta, kuma duk abin da za a yi a can da Faransanci za a yi shi. Wani ya ce kowa ma darasinsa yana da muhimmanci. Wani ya ce in aka karya layi yau saboda Faransanci, gobe za a karya saboda lissafi. Firinsifal ya ce shi ba ya son fitina, layi layi ne, sai dai in mai layi ya yafe. Kowa ya juyo yana kallona. Ni kuwa ban taɓa zuwa Legas ba, ban taɓa ganin teku ba, kuma tuni na fara lissafa wa zan sayo wa me. Na sunkuyar da kai na ce ai ba ni na kafa layi ba.

Da safen da zan tafi, ina tasha sai na ji ƙarar babur ɗinsa. Na ɗauka faɗa ya zo yi, har na gyara tsayuwa. Sai ya ciro wata ambulan mai ruwan ƙasa, an liƙe bakinta da gam, ya miƙo mini.

Ya ce, “Malam Sale, ban ce ka karanta ba, na san ba fanninka ba ne. Akwai matar da za ta shugabanci zaman, sunanta na nan a baya. Ka ba ta kawai, ka ce mai ita bai samu zuwa ba, ko wani zai karanta a madadina. In sun yi tambayoyi ka roƙi wani ya rubuto mini.”

Na ce in Allah ya yarda, wannan ai ƙaramin abu ne. Ya yi mini addu'ar sauka lafiya, har ya riƙe mini jaka na shiga mota.

Akwai abin da ban yi tunaninsa ba sai da na isa. A teburin rajista wata yarinya ta duba takardata ta ce, “Malam Gimba?” Na ce na'am. Ta rataya mini kati a wuya da sunansa, ta ba ni makullin ɗaki da sunansa, da takardar abinci da sunansa. Daga wannan lokacin na zama Malam Gimba, kuma Malam Gimba ba zai je ya ce wa shugabar zama Malam Gimba bai zo ba. In na miƙa ambulan na tona kaina, a kore ni daga otal a garin da ban san kowa ba. Haka na zauna kwana huɗu a cikin mutanen da ban fahimci ko kalma ɗaya daga bakinsu ba. In sun tafa in tafa, in sun yi dariya in washe baki. Duk wanda ya nufo ni da gaisuwa sai in kara waya a kunne.

A rana ta uku aka kira sunansa a lasifika. Matar da ya ce in ba wa ambulan, wata dattijuwa mai furfura da tabarau, ta kira sau ɗaya, ta ɗaga kai tana duba ɗaki. Ta sake kira. Ina sahu na biyar, jaka a cinyata, ambulan a ciki, na juya katin wuyana ya fuskanci ƙirji. Ta kira na uku, ta jira, ta faɗi wata magana da alamar takaici, sannan ta wuce kan na gaba. Da aka fita shan shayi na sulale na tafi kasuwa, na sayo wa iyali atamfa da takalma. A ranar ƙarshe kuma na shiga hoto, na karɓi satifiket mai ɗauke da sunansa.

Da na dawo na same shi a teburinmu. Na zazzage masa jakar taron gaba ɗaya, littattafai da mujallu da satifiket, ina ta surutu, an karanta, an tafa, matar ma ta ce a gaishe ka. Yana murmushi yana juya littattafan, ya ce, “To wace tambaya suka yi?” Na ce ai lokaci ne ya ƙure. Sai hannunsa ya kai kan ambulan. Na manta ban cire ta ba. Tana nan yadda ya ba ni, gam ɗin ko ɗagawa bai yi ba. Ya juya ta gaba da baya, ya daɗe yana kallonta, sannan ya turo mini ita tare da satifiket ɗin.

Ya ce, “Ajiye, Malam Sale. Kai ka je taro. Sannu da hanya.”

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan. Shekara huɗu muka ƙara yi a tebur ɗaya, yana gaishe ni, yana ɓallo mini goro, ya zo sunan ɗana. Da lokacin ƙarin girma ya zo aka ce kowa ya kawo shaidar halartar bita, na kai masa satifiket ɗin a ɓoye na ce ai sunanka ne a jiki. Ya ce shi bai halarci komai ba. Fayil ɗinsa ya tafi wayam, namu ya tafi dam da takardun tarukan da muka yi barci a ciki. Muka wuce shi. Bai sake rubuta wata maƙala ba, amma bai fasa zuwa bencin mai shayi ba har ciwon da ya kwantar da shi.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau me zai ce? Bita dai ta yi albarka, ta hayayyafa. Yanzu har ta waya ake yi, mutum ya kunna taro ya jefa wayar a aljihu ya tafi cefane, da yamma a turo masa satifiket ya buga mai kala. Waɗanda ake yi a otal kuwa, rabin rana ana jiran babban baƙo, ya zo ya karanta jawabin da bai gani ba sai a mota, a yi hoto a gaban ƙyallen taro, a watsa a waya da taken an horar da malamai. Na san mutanen da in ka tara jakunkunan taronsu za ka buɗe shago, amma allon ajinsu da rubutun zangon da ya wuce a jiki. Muna kiran wannan ci gaban malami. Malam Gimba ba mai zagi ba ne, na san ba zai ce komai ba. Zai tambaye mu wace tambaya aka yi, mu kuma mu ce lokaci ne ya ƙure.

Kada mai karatu ya ɗauka ina gefe ina nuna wasu da yatsa. Yau ni ne firinsifal na wannan makarantar, shekara huɗu ke nan. Kun san abin da na yi wa layi da na hau? Na sa aka sake buga shi da kwamfuta, aka rufe shi da leda don kada damina ta ɓata shi. Na gaya wa kaina zaman lafiya nake nema. Gaskiyar ita ce in na ce layi ba daidai ba ne, to na ce abin da na yi a Legas ba daidai ba ne, ni kuwa na fi son kujerata da barcina.

Bayan rasuwarsa shekaru muka yi babu Faransanci, ana rubuta shi a jadawali yara suna wasa a lokacinsa. Sai shekara biyu da suka wuce aka turo mana Malama Saratu, 'yar wani ƙauye ta wajen Nangere, wadda ta yi ƙaramar sakandare a nan, a ajin Malam Gimba. A watan jiya ta shigo ofishina da takarda a hannu. Taron malaman Faransanci, a Legas, da sunanta, ita ta nema. Ba ta ma zauna ba. Ta ce ta san doka, ta kawo ne kawai a ba mai layi, amma tana roƙon duk wanda ya je ya taho mata da littattafan da za a raba. Ta riga ta sallama tun kafin a ƙwace, don mun koya mata yadda ake yi.

Mai layi Malam Haruna ne, malamin lissafi, kuma ba mutumin banza ba ne. Shekara shida yana jira, ƙarin girmansa ya tsaya saboda rashin takardar bita, yana da iyali. A taron malamai na ce Malama Saratu ce za ta tafi. Ofis ya ɗauki hayaniya. Malam Haruna ya miƙe.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, kai da ka ci naka layin har Legas, yau ne ka san Faransanci na masu Faransanci ne?”

Na ce gaskiya ka faɗa, kuma abin da na yi ya fi wanda ka sani muni. Na ba su labarin kati da ambulan da kiran da aka yi sau uku, abin da ban taɓa gaya wa ko matata ba. Na yi wa Malam Haruna alkawarin bitar lissafi ta farko da za ta zo tasa ce, ko sunan wa ke sama. Bai karɓa ba, har yau gaisuwarmu daga nesa ce, kuma ban ga laifinsa ba. Na ɓalle takardar daga bayan ƙofa da hannuna. Washegari na tarar wani ya rubuta sabuwa da biro ya manna. Masu digiri ke nan, masu tarbiyyar 'ya'yan mutane.

Kafin ta tafi na kira Malama Saratu na ba ta ambulan. Shekara goma sha uku tana ƙasan akwatina, gam ɗin ya bushe har ya fara sakin kansa. Ta buɗe a gabana ta fara karantawa, tana fassara mini da Hausa. A ciki yana cewa yaran Potiskum suna shigowa aji da harsuna biyu ko uku a bakinsu, wannan Ngizim, wancan Karekare, wancan Bolanci ko Fulatanci ko Barbarci, kuma yawancinsu a kasuwa da wurin wasa suka tsinci Hausa ba tare da allo ba. Amma littattafan da ake aiko mana suna ɗaukarsu kamar ba su taɓa koyon baƙon harshe ba. Shi kuwa ranar farko ba ya koyar da komai, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, kai yaya aka yi ka iya Hausa? Daga amsarsu yake gina darasin shekara. Ta kai shafi na uku sai ta tsaya. Ya kawo misalin wata yarinya mai zama a bayan aji, wadda ta ce ita ta koyi Hausa ne ta hanyar maimaita abin da masu sayen gyaɗar kakarta suke faɗa, har ranar da ta gane me take cewa.

Ta ce, “Baba, ai ni ce wannan.”

Na kasa ɗaga kai. Mutumin nan ya ga abin da ke cikin ajinsa, ya rubuta, ya ba ni amana in kai, ni kuma na tafi sayen atamfa.

Ta rubuta wa masu taron ta roƙi a ba ta dama ta karanta tasa maƙalar a lokacin da aka ware mata, suka yarda. Ta tafi da kati mai sunanta a wuya, ta faɗa musu wanda ya rubuta da kuma shekarun da takardar ta yi a rufe. Ban tambaye ta ko ta faɗi dalili ba.

In an auna abin da Malam Gimba ya bari, ba shi da yawa a ido. Babur ɗin an sayar, ɗan littafin kalmominsa yana wurin iyalinsa a Yindiski, fayil ɗinsa ko satifiket ɗaya babu. Mu masu satifiket kuwa, ban san ɗalibi ɗaya da zai ce ga abin da ya canza a ajinmu bayan mun dawo daga wani taro ba. Shi da bai je ko'ina ba ya bar malama a ajinsa, tana fara kowace shekara da tambayar da ya yi mata. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya yafe mini abin da shi bai tsaya ya nemi in ba shi haƙuri a kai ba.

Ranar Laraba da azahar Malama Saratu ta kira ni daga Legas, hayaniyar ɗakin taro a bayanta. Ta ce an karanta, kuma sai da shugaban zaman ya tsayar da masu ɗaga hannu. Na ce ta dakata in ɗauko biro. Na juya bayan ambulan ɗin da ta bar mini, ƙarƙashin sunan dattijuwar da ban ba wa ba, na ce ta faɗo mini tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wani daga Binuwai ya tambayi yadda ake yi in harsunan aji sun fi biyar. Wata ta tambayi ko dabarar tana aiki ga manya. Wani malami da ya shigo a makare, bai ji farkon bayanin ba, ya tambayi ko za a ba shi lambar marubucin, yana so ya gayyace shi makarantarsu.

Duk na rubuta, da kyakkyawan rubutu, yadda ya roƙe ni a tasha. Suna nan a aljihuna, ban san wanda zan kai wa ba.